Diyyar Dabbobin da Hukuma Kan Kashe Don Tsai da Annoba

Laccar da aka gabatar a zauren taron ɗalibai



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Mun sani a cikin zauren nan akwai waɗanda da suka ga kan laccarmu suka yi murmushi, suka ce me ya haɗa jami'a da akurkin kaji. To, muna roƙonsu su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci. Gama tambayar da muka zo da ita tsohuwa ce a tsakanin masu mulki da talakawa, ita ce: idan hukuma ta ɗauki dukiyar mutum ɗaya ta hallaka domin sauran jama'a su tsira, wa ya kamata ya ɗauki asarar? Da yawa daga cikinmu gobe su ne likitocin dabbobi, da malaman gona, da akawuna, da sakatarorin ƙananan hukumomi, watau mutanen da takardar diyya za ta biyo ta teburinsu. Saboda haka gara mu yi tunanin amsar tun muna zaune a kan bencin makaranta.

Ƙasar da muke magana a kanta

Domin kada maganarmu ta zama shaci-faɗi, bari mu kafa ta a wuri ɗaya. Wanda ya fita daga birnin Kano ya miƙi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ba da jimawa ba zai shiga ƙasar Rimin Gado. Ƙidayar 2006 ta ba wannan ƙaramar hukuma mutum 104,790, a cikin ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 225 ba. Ke nan fiye da mutum 400 ne a kowane murabba'in kilomita tun a wancan lokaci. Tana cikin karkarar nan mai cunkoso da ta kewaye Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarinta, inda ba a san barin gona ta huta ba, kowace shekara sai an nome ta.

Abin da ya riƙe irin wannan ƙasa shi ne taki, taki kuwa daga dabba yake fitowa. Da damina akan ɗaure awaki da tumaki a turke a riƙa yanko musu ciyawa, da rani a ba su harawa da karmami, sa'an nan a kwashe takinsu a kai gona. Dabbar nan kuma ita ce asusun gida. Matar aure a Gulu ko Jili ko Yalwan Ɗanziyal, wadda ba ta da littafin banki, tana da kaji goma da 'yan zabi da akuya biyu. In yaro ya kwanta ciwo, kaza biyu za a kama a kai kasuwa. In suna ya taso ko kuɗin makaranta, ita ce dai za a waiwaya. Ban da wannan kuma, a 'yan shekarun nan gidajen kaji na zamani sun yawaita a gefen birni, masu kaji ɗaruruwa da dubbai, har ya zamana katanga ɗaya ce tsakanin kajin attajiri da na talaka. Ƙwayar cuta kuwa ba ta san katanga ba.

Me ya sa ake kashe lafiyayya?

Akwai cututtukan dabbobi da ake tarewa da allura. Misali mafi girma shi ne bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gabar Iritiriya a 1887, ta iso ƙasashenmu a farkon shekarun 1890, ta share mafi yawan shanun Fulani. Ta sāke dawowa Nijeriya da ƙarfi a 1983. Da allurar rigakafi aka yaƙe ta, tun daga gangamin haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011.

Akwai kuma waɗanda saurinsu ya fi gaban a tsaya jiran magani. Murar tsuntsaye mai tsanani tana iya gamawa da gidan kaji cikin 'yan kwanaki. Tana bin kashin kaji, da takalmin ma'aikaci, da kiret ɗin ƙwai, da tayar motar da ta kawo abinci. Kazar da ta kamu tana iya yaɗa cutar tun kafin mai ita ya lura da alama a jikinta. Dalili ke nan likitoci kan yanke shawarar a kashe dukkan kajin da ke wurin da cutar ta ɓulla, masu ciwo da masu lafiya, a binne ko a ƙone, a yi feshi, a hana shiga da fita. Ma'anar wannan kuwa ita ce, kazar da aka kashe da lafiyarta an kashe ta ne domin kajin maƙwabta. Mai ita ya biya kuɗin tsaron da kowa ya amfana da shi.

Abin da ya faru a 2006

A cikin Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa dubbai a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna. Aka aika da samfuri ɗakin bincike na Padova a Italiya, ran 8 ga Fabrairu aka tabbatar wa duniya cewa nau'in H5N1 ne. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da shi a cikin kajin nahiyar Afirka. Cikin 'yan kwanaki aka ji shi a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare kuma ya ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 aka tabbatar da mutuwar wata matashiya a Legas sanadiyyar cutar. Kafin ta lafa a 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja.

Gwamnatin Olusegun Obasanjo, da Malam Adamu Bello a matsayin Ministan Gona, ta ɗauki hanyar kashewa da binnewa, ba ta yarda da allura ba, ta kuma yi alkawarin diyya. Aka yanka wa kowace kaza naira 250, agwagwa naira 1,000, talotalo naira 2,500, jimina naira 20,000. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don wannan yaƙi, daga baya kuma aka gyara farashin aka ƙara shi. A ƙarshe an biya sama da naira miliyan 600 ga masu kiwo kimanin 3,000. Lalle ne mu yaba wannan, domin ba kasafai talakan ƙasar nan kan ga hukuma ta ɓata masa abu ta dawo ta biya ba.

Amma cutar ba ta tafi ke nan ba. Ta dawo a Janairun 2015, Kano da Legas ne kuma aka fara jin ta, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A wannan karo Ministan Gona Akinwumi Adesina ya ambaci naira 1,450 a kan kowace kaza. An biya rukunin farko, amma masu kiwo da yawa sun yi fiye da shekara suna jiran nasu. A 2021 ma an sāke jin ɓullarta a Kano.

Inda gizo ke saƙa

Daga wannan tarihi muna iya tsamo matsaloli huɗu.

Ta farko ita ce farashi. Naira 250 ta yi ƙasa ƙwarai da abin da kaza mai ƙwai take yi a kasuwa a wancan lokaci, balle a lissafa abincin da ta ci wata biyar kafin ta fara ƙwai. Alal misali, mu ƙaddara mutum yana da kaji 500. In ya kai rahoto, abin da zai samu naira 125,000 ne, in ta zo. In kuwa ya kira dillali da dare ya karya farashi, zai karɓi kuɗinsa a hannu kafin gari ya waye. Ba sai mun gaya muku wadda mai bashi a wuya zai zaɓa ba. An kuwa ba da labarin yadda kaji masu araha suka cika kasuwanni a farkon annobar 2006. Kowane kwandon kaji da ya fita ta wannan hanya, cutar ce aka yi wa kuɗin mota zuwa wani gari.

Ta biyu ita ce ƙa'idar cewa kazar da ma'aikata suka kashe da hannunsu kaɗai ake biya, ban da wadda ta mutu kafin su iso. A takarda wannan ƙa'ida tana da hikima, domin tana zaburar da mutum ya kai rahoto da wuri. Amma mu dubi yadda take aiki a karkara. Mutum ya kai rahoto ran Litinin, sai aka ce babu mai a motar ofis. Aka ɗebi samfuri ran Laraba, aka aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda take can kusa da Jos tun 1924. Kafin sakamako ya dawo a zo kashewa, kashi uku cikin huɗu na kajin sun mutu. Ashe ke nan an ci shi tarar jinkirin da ba shi ya yi ba.

Ta uku ita ce jinkirin biya. Mai kiwon da aka share masa gida yana da ma'aikata, yana da bashin mai abinci, yana da iyali. Diyyar da ta zo bayan shekara ta tarar da shi ya riga ya sayar da kejin da filin. Abin da ya fi wannan muni shi ne labarin da ke bazuwa. Maƙwabcinsa yana kallo, ya kuwa ɗauki darasi: ran da kajinsa suka fara zubewa, bakinsa alaikum. Alkawari kaya ne, hukumar da ta saɓa shi sau ɗaya sai ta yi shekaru tana neman wanda zai sāke gaskata ta.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi damunmu, watau makomar mai kaji goma. Babban mai gona yana da rajista, yana da ƙungiya, yana da littafin banki, ya san ƙofar ofishin da zai ƙwanƙwasa. Matar da muka ambata ɗazu ba ta da ko ɗaya. Sau da yawa ma ba ita za ta fito ta yi magana da ma'aikata ba, maigida ne zai fito, sunansa za a rubuta, alhali kajin nata ne. Ga shi kuma mutanen karkara ba su manta da jangali ba. Shekara da shekaru ƙidayar dabba ma'anarta haraji, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano a 1979. Wanda kakansa ya ɓoye shanu daga malamin jangali, ba a rana ɗaya zai yarda cewa mai biro da takarda alheri ya kawo masa ba.

Haƙƙi ce ko alfarma?

A nan muna so 'yan'uwanmu masu karatun shari'a su saurara da kyau. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi ba tare da an biya shi diyya cikin gaggawa ba. Amma sashen ya yi togaciya, a ciki har da dukiyar da ke da haɗari ga lafiyar mutane ko tsirrai ko dabbobi. Saboda haka mai kajin da aka kashe ba zai dogara ga Tsarin Mulki kai tsaye ba, sai dai ga dokar cututtukan dabbobi, watau dokar soja mai lamba 10 ta 1988, wadda sabuwar doka ta 2022 ta maye gurbinta, da kuma abin da gwamnatin lokacin ta ga dama ta ware. Muddin biyan ya rataya ga ganin dama, to, ya fi kama da alfarma.

Mu kuwa a ganinmu haƙƙi ce, muna da hujja daga gida da waje. Malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna mas'alar jirgin ruwa da ya tasam ma nutsewa, aka jefa kayan wani ɗan kasuwa a teku domin jirgin ya yi sauƙi. Hukuncinsu shi ne ba za a bar shi da asarar shi kaɗai ba, za a raba ta a kan dukkan kayan fataucin da ke cikin jirgin, gwargwadon ƙimar kowanne. Dalili a fili yake: da kayansa aka sayi tsirar kayan sauran. To, kiwon kajin ƙasar nan shi ne jirgin, kajin da aka binne su ne kayan da aka jefa, baitulmali kuwa shi ne hanyar raba asarar a kan kowa.

Daga waje kuma, sa'ad da bushiya ta auka wa shanun Ingila a 1865, sai da majalisarsu ta yi doka a 1866 ta tilasta kashewa tare da biya: rabin ƙima ga dabbar da ta kamu, kashi uku cikin huɗu ga lafiyayyar da ta cuɗanya da ita. Bayan haka ne annobar ta karye. A Amurka, inda ake kiwon barewa irin ta ƙasarsu a cikin shinge kamar yadda muke kiwon tumaki, akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba wadda ba ta da magani. Gwamnatin tarayyarsu ta tsara biyan kashi 95 cikin 100 na ƙimar kowace barewar da aka kashe, da iyakar dala 3,000. Ba don tausayi kaɗai suke yi ba. Sun gane cewa rahoton gaskiya daga bakin mai dabba abu ne mai tsada, kuma sayensa ya fi arha a kan bin sawun annobar da aka ɓoye.

Masu suka ma suna da magana

Adalci ne mu ji ta bakin waɗanda ba su yarda da mu ba. Suna cewa in diyya ta yi tsoka, mutane za su yi sakaci da tsabtar gidajen kajinsu, tun da sun san hukuma za ta biya. Suna cewa za a yi aringizo, mai kaji 200 ya zama mai 2,000 da haɗin bakin ma'aikaci, ko a kwaso kaji daga wani gari a kawo inda ake biya. Suna kuma tuna mana Ingila a 2001, lokacin ciwon boru, inda aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6, aka biya diyyar da ta haura fam biliyan 1, har masu binciken kuɗin gwamnati suka yi ƙorafi a kan yadda aka yi ta kumbura ƙima.

Duk wannan gaskiya ne, amma maganinsa awo ne da sa ido. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2006 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu hukumomi ya ba da shawarar diyya ta tsaya tsakanin kashi 75 zuwa 90 cikin 100 na farashin kasuwa, a kuma biya ƙananan masu kiwo cikin awa 24. Hikimar ita ce kuɗin ya fi abin da dillalin dare zai bayar, amma kada ya kai yadda mutum zai yi fatan cutar ta shigo gidansa. Game da aringizo kuwa, ba mu taɓa jin an rufe asibiti don wani ya saci magani ba. Ɓarawon ake kamawa.

Shawarwarinmu

Na ɗaya, a ajiye asusun diyya na dindindin tun kafin annoba ta zo, tarayya da jiha su zuba, manyan masu gidajen kaji su ma su riƙa sa wani abu kaɗan a kan kowane ɗan tsako da aka ƙyanƙyashe. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, ran annoba kuma ba ranar neman sa hannun minista ba ce.

Na biyu, a ɗaure farashi da kasuwa, a riƙa sabunta shi a kai a kai, a bambanta ɗan tsako da kazar nama da mai ƙwai da kazar gida da zabo. A karanta shi a rediyo da Hausa, a liƙa a ƙofar dagaci, kowa ya san haƙƙinsa kafin ranar ta zo.

Na uku, a ƙirga kaji a ranar da aka kai rahoto. Abin da ya mutu tsakanin rahoto da isowar ma'aikata, hukuma ta ɗauki rabonta a ciki.

Na huɗu, a yi ƙidaya a bainar jama'a, gaban mai unguwa da likitan dabbobi da wakilin masu kiwo, a ba mai dabba takardarsa a hannu nan take. A rubuta sunan mai dabbar na ainihi, in mace ce a rubuta mace, a kuma sa mata cikin ma'aikata domin su shiga cikin gida. Masu kaji kaɗan a fara biyansu, a wurin, ko a hannu ko ta wayar salula.

Na biyar, manyan gidajen gona a ɗora musu sharaɗin rajista da tsabta da inshora. Akwai hukumar inshorar aikin gona ta tarayya, wadda shirinta ya faro tun 1987. Wanda aka tabbatar ya ɓoye cuta ko ya sayar da kaji masu ciwo, ya rasa diyya, ya kuma fuskanci shari'a.

Kammalawa

'Yan'uwa, Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ana iya rubuta doka mai kyau a Abuja ta zo ta mutu a cikin durowar wani akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Akawun nan kuwa ɗayanmu ne, ko yau ko gobe. Wata rana za a ajiye wa waninmu fayil mai ɗauke da sunayen mutanen Karofin Yashi ko Sakaratsa, kowane suna da 'yan kaji bakwai ko goma sha biyu a gabansa. Ba wanda zai buga waya saboda wannan fayil, ba wanda zai zo da goro. In ya bar shi ya kwana wata shida, ba za a tuhume shi ba. Amma ya sani cewa a cikin wata shidan nan ne mutanen garin za su yanke shawarar abin da za su yi ran da cutar ta dawo, ko su kira likita ko su kira dillali. Tun da ta zo a 2006, ta dawo a 2015, ta kuma dawo a 2021, ba mu da dalilin zaton ta yi ban kwana.

Waɗanda za su koma gida hutu kuma muna ba su aiki ɗaya. Kowa ya zauna da iyayensa mata ya tambaye su kaji nawa ke gidan, na wane ne, kuma wa za su gaya wa in suka wayi gari suka ga biyar sun mutu. In suka ce ba su san kowa ba, to, ya nemo sunan malamin dabbobin yankinsu ya kawo musu.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure kuma malamanmu su gyara mana.